Daidaituwar Dare da Yini: Turken da Aka Ɗaure Shekara a Kansa

Duk shekara idan watan Maris ya kai tsakiya, akwai saƙon da ke farfaɗowa a WhatsApp da Facebook. Wai ikwinoks, wato daidaituwar dare da yini, na tafe, rana za ta matso kusa da duniya, zafi zai tsananta na wasu kwanaki, kada kowa ya fita da tsakar rana, a yawaita shan ruwa. Shan ruwa da gudun garjin rana shawara ce mai kyau, babu mai musu. Dalilin da aka jingina ta da shi ne ba haka yake ba. Duniya ta fi kusantar rana a farkon Janairu, lokacin da muke fama da hunturu, inda tazarar take kimanin kilomita miliyan 147, ta kuma fi nisa a farkon Yuli, kimanin miliyan 152. Ranar 20 ga Maris ba ta da wani rabo na musamman a wannan lissafi. Abin da ke ci mini rai shi ne an ɗauki lokacin da masana falaki suka shafe dubban shekaru suna aunawa, wanda dauloli suka gyara kalandarsu dominsa, an mayar da shi abin firgita mutane.

Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin dare da yini, tana kuma kewaya rana sau ɗaya a shekara. Layin da take juyawa a kansa, wanda ya ratsa ta daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu, ba a miƙe yake ba. Ya karkata da digiri 23.4, kuma waje guda karkatar take fuskanta duk tsawon shekara. Saboda haka wata shida rabin duniya na arewa ne yake sunkuyar da kai wajen rana, wata shida kuma na kudu. Mu da muke kallo daga ƙasa, abin da muke gani shi ne rana tana tafiya: a ƙarshen Disamba ta yi can kudu, a ƙarshen Yuni ta yi can arewa. Cikin wannan kai da komo dole ta tsallaka layin Ikwaita sau biyu, sau ɗaya a Maris tana dosar arewa, sau ɗaya a Satumba tana komawa kudu. Wannan tsallakawar ita ce daidaituwar dare da yini, wadda littattafan hisabi na Larabci suke kira i'itidali.

Ba yini guda ba ce, ɗan lokaci ne kamar ƙiftawar ido, kuma lokaci ɗaya yake faruwa ga duniya baki ɗaya. A 2024 ya faɗo ranar 20 ga Maris da ƙarfe 4:06 na asuba agogon Najeriya da Nijar. A 2025 ƙarfe 10:01 na safe, a 2026 ƙarfe 3:46 na yamma. Kowace shekara yana jinkiri da kusan awa shida, sai shekarar da Fabrairu ta yi kwana 29 ta jawo shi baya. Mutane da yawa sun haddace 21 ga Maris tun suna makaranta, amma a agogon GMT rabon da ya faɗo a wannan kwanan wata tun 2007, kuma ba zai sake ba sai ƙarni mai zuwa.

Ko daidaiton da ake faɗa ma ba cif-cif ba ne. Muna ƙirga fitowar rana da zarar gefenta na sama ya leƙo, ba sai tsakiyarta ta bayyana ba, haka faɗuwarta sai gefen ƙarshe ya ɓace. Sannan iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa haske, har mu ga rana alhali tana ƙasa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Waɗannan biyun suna ƙara wa yini kimanin minti bakwai a yankinmu. Don haka a Kano dare da yini sukan yi kunnen doki tun kusan kwana goma kafin 20 ga Maris, a kan Ikwaita kuwa yini ya ɗara dare da 'yan mintoci duk shekara. Abin da yake tabbatacce a ranar, a ko'ina ban da ƙuryoyin duniya biyu, shi ne rana tana fitowa daga gabas sak, ta faɗi yamma sak.

To ina zafin ya samo asali? Kano tana digiri 12 arewa da Ikwaita. Rana da ta tsallako a 20 ga Maris tana ci gaba da hawowa, ta bi ta kan Legas a makon farko na Afrilu, ta tsaya cak bisa kan Kano wajen 21 ko 22 ga Afrilu, ta isa Agadas a farkon Mayu. A makonnin nan haskenta a miƙe yake sauka, ƙurar hunturu ta kwanta, ƙasa ta bushe ƙarau, babu gajimaren da zai tare. Shi ya sa Afrilu da farkon Mayu suka fi Maris ƙuna. Zafin da ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, ranar 3 ga Afrilu 2024 aka auna shi, mako biyu bayan daidaituwar. Kuma wannan zafin shi ne mai janyo damina: ƙasa ta yi zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, iska mai laima daga tekun Atilantika ta biyo sawu tana kutsowa arewa. Ruwa bayan rana yake bi, da jinkirin wasu makonni. Ga manomin Sahel, ma'anar 20 ga Maris ke nan, ko ya san kwanan watan ko bai sani ba: an kama hanyar da za ta kai ga shuka, amma sai an ratsa wuta tukuna.

A ƙasashen sanyi labarin daban ne, kuma a can ne bukukuwan suka yi ƙarfi. Mu bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Kano bai kai awa ɗaya da rabi ba, daga awa 11 da minti 25 a Disamba zuwa awa 12 da minti 50 a Yuni. A Landan kuwa daga ƙasa da awa takwas ne zuwa sama da awa goma sha shida da rabi. Mutumin da ya shafe watanni cikin duhu da ƙanƙara, dabbobinsa a kulle, rumbunsa yana ƙarewa, ranar da haske ya fara rinjayar duhu ba ƙaramar rana ba ce a wurinsa. A kudancin duniya, irin su Afirka ta Kudu da Ajantina, ranar nan ƙofar sanyi ce take buɗewa.

Sai dai a ganina murnar tohon itatuwa ba ita ce babbar darajar wannan lokaci ba. Darajarsa ita ce ya zama turke. Shekarar rana kwana 365 ce da awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙu, ba ta rabuwa daidai da kwanaki, ba ta rabuwa daidai da watanni. Duk kalandar da mutum ya ƙirƙira, in ba a ɗaure ta a wani abu da ake iya aunawa a sama ba, sai ta sulale ta bar yanayi a baya. Kuma tsallaka Ikwaita ya fi sauƙin aunawa a kan ranar da rana ta kai ƙarshen tafiyarta a Yuni ko Disamba, domin a can kusan tsayawa take yi na kwanaki, a Maris kuwa tana gusawa kusan rabin digiri kowace rana, mai awo yana ganin bambancin jiya da yau.

Dubi abin da ya faru da Kiristocin Turai. Kalandar da Yuliyas Kaisar ya kafa a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta ɗauki shekara a matsayin kwana 365 da kwata, wato ta yi ƙari da kimanin minti 11. Minti 11 ba komai ba ne a rayuwar mutum ɗaya, amma duk shekara 128 yana taruwa ya zama kwana guda. Taron manyan limaman coci da aka yi a Nikiya a shekara ta 325, garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, ya nemi Kirista su riƙa yin Ista rana ɗaya, kuma ƙa'idar da ta zauna daga baya ita ce lissafin cocin Iskandariya: Lahadin farko bayan cikar wata da ta zo a ranar 21 ga Maris ko bayanta. An rubuta 21 ga Maris a takarda, sama kuwa ta ci gaba da tafiyarta. Kafin ƙarni na 16 daidaituwar ta gaskiya ta koma wajen 11 ga Maris. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya yanke kwana goma: aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba, aka wayi gari Juma'a 15 ga Oktoba. Ya kuma sa dokar cewa shekarun cikar ƙarni ba za su sami 29 ga Fabrairu ba sai waɗanda 400 ke rabawa, shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Ingila ta ƙi bin umarnin Roma har sai 1752, lokacin da ta zubar da kwana 11. Rasha sai 1918. Yawancin cocin Otodoks har yau da tsohon lissafi suke fitar da Ista, shi ya sa a 2024 wasu suka yi ranar 31 ga Maris, wasu sai 5 ga Mayu. Kalandar da ke rataye a ofisoshinmu, wadda ake biyan albashi da ita, an yi mata wannan gyaran ne don kawai daidaituwar Maris ta dawo inda aka ajiye ta.

Amma mutanen da suka fi kowa riƙe wannan turke su ne Farisawa, kuma labarinsu ya fi kusa da mu, domin a cikin daular Musulunci ya gudana. Sabuwar shekararsu, Nauruz, ta girmi Musulunci nesa ba kusa ba, tushenta yana cikin addinin Majusawa. Tsohuwar shekarar Farisa kwana 365 ce cif, babu ƙari, don haka Nauruz takan matso gaba da kwana ɗaya duk shekara huɗu. Matsalar ita ce da Nauruz ake buɗe karɓar harajin gona. A zamanin Abbasiyawa abin ya kai ana neman haraji a hannun manomi alhali hatsinsa bai nuna ba, sai ya ci bashi ya biya. Halifa Mutawakkil ya yi yunƙurin gyarawa, sannan Halifa Mu'utadid a shekarar 895 ya ɗage ranar buɗe harajin zuwa watan Yuni. Gyaran da ya kafa tarihi ya zo ne a 1079, lokacin da Sarkin Saljuƙawa Malik Shah ya tara masana falaki, cikinsu har da Umar Khayyam, suka tsara kalandar da ake kira Jalali. Hikimar da suka yi ita ce sun daina dogara ga ƙirgen kwanaki kaɗai. Suka ce shekara ta fara daga lokacin da rana ta tsallaka, kamar yadda awo ya nuna. Kalandar da take komawa ga sama kowace shekara ba ta da damar tara kuskure.

Iran ta zamani ta ɗauki wannan tsari a hukumance a 1925. Daga Hijira suke ƙirga shekaru, amma da shekarar rana, shi ya sa a Maris na 2025 suka shiga 1404 alhali kalandar wata tana 1446. Idan tsallakawar ta faru kafin rana ta take tsaka a agogon ƙasar, ranar ce ɗaya ga wata. Idan bayan haka ne, sai washegari. Akwai wani abu a tsarin watanninsu da ke burge ni. Watanni shida na farko kwana 31 ne kowanne, biyar na biye 30, na ƙarshe 29 ko 30. Ba son rai ba ne. Falakin duniya ba da'ira ba ce cikakkiya, kuma idan ta yi nisa da rana tafiyarta takan ragu. Daga daidaituwar Maris zuwa ta Satumba kwana 186 ne, daga Satumba zuwa Maris kuwa 179. Shida sau 31 ya ba da 186 daidai.

Shi kansa bikin na cikin gida ne. Makonni kafin ranar ake kakkaɓe gida, a wanke shimfiɗu, a jiƙa alkama ko wani hatsi a faranti har ya tsiro. A daren Larabar ƙarshe ta shekara ana hura wuta a tituna ana tsallakewa. Sannan a shimfiɗa abin da suke kira haft sin, abubuwa bakwai da sunansu ya fara da harafin sin a Farisanci: tsiron hatsin nan, da wani kunun alkama mai zaƙi, da busasshen ɗan itacen sanjid, da tafarnuwa, da tuffa, da garin sumak, da ruwan tsami na khal. Iyali su zauna kewaye da shimfiɗar suna jiran daƙiƙar, ko da ƙarfe uku na dare ta faɗo. Gidaje da yawa suna ajiye Alƙur'ani a wurin, suna karanta addu'ar da ta fara da kiran Mai jujjuya zukata da gannai. Daga nan sai ziyarce-ziyarce, yara su fara zuwa gaida manya, har rana ta goma sha uku da kowa yake fita daji ya yini, a jefa tsiron a ruwa mai gudu.

Nauruz ba ta Iran kaɗai ba ce. Ana yin ta a Afganistan, Tajikistan, Uzbekistan, Kazakistan, Azarbaijan, da wajen Farisawan Indiya. Ga Kurdawa ta zama tutar neman 'yanci, suna kunna wuta a kan duwatsu don tunawa da tatsuniyar maƙerin nan Kawa da ya kawar da azzalumin sarki. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Maris a matsayin ranar Nauruz ta duniya. Malamai kuwa sun daɗe suna saɓani a kanta. Da yawa daga malaman Sunna sun hana, suna cewa idin Musulmi biyu ne, wannan kuwa gadon Majusawa ne. Bayan juyin juya halin 1979 wasu malaman Iran sun so rage mata armashi, jama'a ba su saki ba. Taliban ta soke hutunta a Afganistan a 2022. Wannan muhawara ta malamai ce, kuma tana da nauyinta. Abin da nake so mu rarrabe shi ne bikin daban, lissafin daban. Wanda bai yarda da tsallaka wuta ba, babu abin da ya hana shi jinjina wa awon da Musulmi suka yi a 1079, shekara ɗari biyar kafin gyaran Fafaroma.

A Japan ranar hutu ce ta ƙasa, a tsakiyar makon da ake ziyartar kaburburan iyaye da kakanni. A China ɗaya ce daga zangunan rana 24 da manoma ke bi. A Chichen Itza ta ƙasar Meziko dubban mutane suna taruwa su ga inuwa mai siffar maciji tana gangarowa a matakalar dalar da ƙabilar Maya suka gina. Nan ya kamata a yi hattara, domin inuwar tana bayyana makonni kafin ranar da bayanta, kuma masu binciken kayan tarihi ba su haɗu a kan cewa da gangan aka yi ginin don ranar ba. Ba kowane tsohon gini da ya kalli gabas ne agogon sama ba.

Mu kuma fa? Kalandar Hijira da gangan aka sake ta daga yanayi. Kwana 354 ce ko 355, tana gaza shekarar rana da kusan kwana 11, don haka azumi yana kewaya hunturu da bazara da damina da kaka cikin kimanin shekara 33. A 2016 da Ramadan ya faɗo a Yuni, Musulmin Landan sun yi azumin sama da awa 18, na Kano kimanin 14. A 2024 da 2025 da ya ratsa ta kan 20 ga Maris, tazarar ta kusa ɓacewa, domin a makon nan tsawon yini kusan ɗaya ne ko'ina. Amma ba a shuka gero da watan Rajab ko Sha'aban, tunda bana suna rani, nan da shekara goma suna wani lokacin. Saboda haka malaman hisabi a ƙasar Hausa suka riƙe lissafi na biyu, na taurari 28, irin su Surayya da Dabaran da Zira'a da Ɗarfa da Jabha, kowanne kwana 13, bakwai-bakwai ga kowane yanayi, a ƙara kwana ɗaya shekara ta cika 365. Wannan shekarar rana ce tsantsa, ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ta wata ba tare da rikici ba: ɗaya ta ibada, ɗaya ta gona.

Su ma taurarin suna gusawa, sannu a hankali. Layin da duniya ke juyawa a kansa yana yin wani tangaɗi da yake ɗaukar kusan shekara 26,000 kafin ya kewayo, abin da masanin Girka Hifarkus ya gano a ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sakamakonsa, gurbin da rana take a cikin taurari ranar daidaituwa yana ja da baya digiri ɗaya duk shekara 72. A zamaninsa a bakin burujin Hamal yake, yau yana cikin burujin Hutu. Duk lissafin da aka ɗora a kan fitowar tauraro yana zamewa daga yanayi da kusan kwana ɗaya a tsawon rayuwar dattijo guda. Shi ya sa sabuwar shekarar al'ummomi da dama a Indiya, wadda take bin shigar rana burujin Hamal, yanzu sai 13 ko 14 ga Afrilu take zuwa.

Duk wannan ana iya taɓa shi da hannu a filin kowace makarantar firamare, kuma ina ganin asara ce da ba a yi. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a ƙasa mai baje ranar 20 ga Maris. Duk bayan rabin awa a ajiye tsakuwa a kan bakin inuwar. A sauran ranakun shekara tsakuwoyin lanƙwasa suke yi, a wannan rana kuwa layi suke jerawa miƙaƙƙe, daga yamma sak zuwa gabas sak. Lokacin zawali, da inuwa ta kai ƙarshen gajartarta, a auna ta: a Kano za a sami kimanin santimita 21 tana nuna arewa, a Legas 11, a Agadas 31. Kusurwar da wannan inuwa ta bayar ita ce nisan garin daga Ikwaita, wato yaro ya auna matsayin garinsu a doron duniya da sanda da igiya.

Layin nan yana da amfani ga mai ginin masallaci ma. Mun saba fuskantar mafitar rana idan za mu yi salla, amma mafitar rana tana yawo kusan digiri 24 kudu da gabas a Disamba, 24 arewa da gabas a Yuni. Alƙiblar Kano tana kimanin digiri 22 arewa da gabas ta gaskiya. Wanda ya bi fitowar rana a watan Yuni ya kusa dacewa, wanda ya bi ta a Disamba ya kauce da fiye da digiri 40. Idan an ja layin gabas a ranar daidaituwa, sai a karkata hagu da digiri 22. Wanda yake son tabbatarwa ya jira 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, lokacin da rana take tsayawa bisa Ka'aba: duk wanda ya fuskanci rana a wannan minti ya fuskanci alƙibla.